Neman kalma: tseren da ake kwana a tashi a ɗora, me za mu kira shi?

Ɗan Jekadafari:
Salamu alaikum jama'a. Agaji nake nema kafin isha'i, don da daren nan zan naɗi shirin wasanni na gobe Asabar. Labarin tseren hamadar Maroko ne, Marathon des Sables, wanda Bafaranshen nan Patrick Bauer ya fara a 1986. Kimanin kilomita 250 ne, an kasa shi shida cikin mako guda, kowa na goye da abincinsa da abin kwanciyarsa, ruwa da rumfa kawai ake ba su. Duk gudun da ya haura kilomita 42.195, wato tsawon gudun fanfalaki, Turawa na ce masa ultra. In na ce gudun fanfalaki, mai sauraro a Kumo zai ɗauka irin na Legas ne da ake gamawa kafin azahar. Abu uku ke damuna: tsawon ya wuce fanfalaki, ana yi kwanaki a jere, kuma ba a kan kwalta ba.

Hamma na Bolari:
Wa alaikumus salam. Gudun kwana-kwana.

Adda Mai Fassara:
Hamma, kwana-kwana ai na masu kashe gobara ne, za a zaci su ne suka shirya gasa. Kuma tun da wuri, ƙanena, kada bakinka ya kuskure wajen fassara na jeji ka ce gudun dawa, ka san cutar da ake kira haka. Ka riƙe "tsere", ya fi "gudu" tsira.

Malam na Tudun Wada:
Wannan an gama shi tuntuni. Ninkin-fanfalaki. Shekara uku ke nan ina koya wa ɗalibaina haka, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anarsa. Yaro, rubuta ka tafi aikinka.

Adda Mai Fassara:
Allah gafarta Malam, ninki yana nufin biyu ko fiye. Tseren kilomita 50 ma yana cikin wannan rukuni, alhali bai fi fanfalaki da kilomita takwas cikakku ba. Ina ninkin? Zarce-fanfalaki ya fi dacewa, tunda zarcewa ba ta faɗi ko da nawa ba.

Malam na Tudun Wada:
Zarce kuma? Wannan ta 'yan siyasa ce, tazarce za a ji. Comrades na Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, tun 1921 ake yin sa, kusan kilomita 90. Ba ninki ba ne wannan? Na kewayen dutsen Mont Blanc kusan 170, ninki huɗu. A kan 50 ɗaya tilo za a yar da kalma?

Mai Gudu daga Kaltungo:
Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki, ni ba masanin harshe ba ne amma ina yin abin. Waɗanda Malam ya kawo, duk a tashi ɗaya ake yin su. Na Mont Blanc ko dare ya yi agogo bai tsaya maka ba. Na Maroko daban ne: ka gama na yau, a rubuta lokacinka, ka kwana, gobe a sake tashi tare, a ƙarshe a tara lokutan. Kuma wahalar ba ta cikin lissafin kilomita, tana cikin safiyar kwana na biyu.

Ni ina yin kilomita 30 ranar Asabar a hanyoyin ƙafa na wajen Tula, Lahadi in ɗora 20. Asabar da yamma garau nake ji. Lahadi da asuba in na sauko daga gado sai cinyoyina su ƙi lanƙwasuwa, don gangara ta fi hawa cin naman cinya, kuma tsamin jiki ba ya nuna kansa sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Ƙarfin da jiki ya ajiye daga tuwo da shinkafa ya ƙare jiya, dare ɗaya bai isa ya mayar da shi duka ba. Ga bororo a yatsu, ka huda ka ɗaure ka mayar cikin takalmin da ya jawo shi. Da gangan muke yin haka, don ƙafa ta saba aiki a gajiye. To kalmar da ba ta ɗauko wannan kwana da tashin ba, wallahi ba ta faɗi abin ba.

Baffa na Pantami:
Ɗana, ka gama magana, kuma kalmar tana hannunmu tun kakanni: zango. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro haka suke yi. Madugu ya ce a tashi, a yi tafiyar yini da kaya, a ya da zango, a kwana, da asuba a ɗaura a kama na gaba da gajiyar jiya. Me ya raba su da mutanen Maroko in ban da agogo? Tseren zango-zango.

Adda Mai Fassara:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Maimaicin ma ya zauna daidai, kamar kashi-kashi, daki-daki. Kuma sai ka samu 'ya'yanta kyauta: zangon farko, zango na huɗu, "ya lashe zangon yau", sansaninsu kuma mazauni ko zangon kwana. Damuwata ɗaya, muna da "gudun dogon zango" a bakin 'yan jarida, har na mita 5,000 da 10,000 ana kiransa haka.

Baffa na Pantami:
Wannan su suka karkatar da ita, 'yata. Zango ɗaya ne nasu. Namu maimaici ya raba gardama.

Malam na Tudun Wada:
Zango na makaranta fa? Zangon karatu na ɗaya, na biyu? Kalmar ta riga ta yi nauyi da kaya. Amma na gane. Da a ce wani farfesa ne daga Kano ya ce ninkin-fanfalaki, ko aka ji ta a gidan rediyon ƙetare, da yanzu kowa ya ce madalla. Sai don malamin sakandare ne a Gombe.

Hamma na Bolari:
Nan kam Malam ya faɗi gaskiya. Kullum sai a ce Hausarmu ta gabas ba ta nuna ba, mu jira a yanka mana daga can. Ni dai in don ta ni ne a ce altira kawai. Mota, rediyo, kwamfuta, duk aro ne, ba wanda ya mutu.

Malam na Tudun Wada:
Subhanallahi! Ban nemi irin wannan goyon bayan ba. Mota abu ce da aka kawo mana ba mu da ita. Gudu da ƙafa kuma Bature ne ya koya mana? Makiyayin da ke bin labi daga nan zuwa kudu da rani, kwana nawa yake yi a jere?

Goggon Kumo:
Ba wanda ya kawo zancen Kano sai ku. Baffa ɗan Pantami ne, yaron nan ɗan Kaltungo, ina Kano a ciki? Yaro na jiran aiki kuna rabon gari.

Ɗan Jekadafari:
Na gode Goggo. An kira magariba. Saura na ukun, wanda ba a kan kwalta ba. Burtali? Turba?

Mai Gudu daga Kaltungo:
Burtali yana tsakanin gonaki, shanu ke bi, babu shi a rairayin Sahara. Mu dai cewa muke "yau ta duwatsu za mu bi". Tseren daji kuma a wannan zamani wani abu daban zai kawo wa mutane a rai.

Adda Mai Fassara:
Turba ta fi kusa, sai dai wa'azi da siyasa sun cinye ta, "turbar gaskiya", "turbar dimokuraɗiyya". Ka ambaci wurin kawai: na hamada, na duwatsu. A bar wannan sai an zauna.

Ɗan Jekadafari:
To ga abin da zan karanta: "Tseren zango-zango na hamadar Maroko, wanda ɗan ƙasar, Lahcen Ahansal, ya lashe sau 10, tsere ne da ya zarce fanfalaki nesa ba kusa ba, kusan ninkinsa shida." Malam, ka ga ninkinka ya shiga.

Malam na Tudun Wada:
Ya shiga a matsayin bayani, ba suna ba, na lura. Zango-zango ba laifi ga mai kwanaki, tunda Baffa ne ya kawo ba zan ja ba. Amma na tashi ɗaya, irin Comrades, ban sallama ba, kuma ranar Litinin ninkin-fanfalaki zan rubuta a allo. Ƙarfe nawa ne shirin?

Ɗan Jekadafari:
Huɗu da rabi, Allah gafarta Malam, bayan la'asar.