Ina aiki a ofishin lasisin tuƙi a Amurka, wata tambaya ta tsaya min a rai

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Aikinmu ya haɗa da tambayar duk wanda ya zo karɓar lasisi ko ya yarda a dasa wa marasa lafiya gaɓoɓinsa bayan rasuwarsa. In ya amince, sai a sa alamar zuciya a katinsa. Wasu abokan aikina ƙasa-ƙasa suke yin tambayar, kamar suna fatan a ce a'a. Jiya wani dattijo ɗan Nijar ya ji Hausa a bakina, ya ce, "'Yata, in na yarda, likitoci ba za su yi sakaci da ni don ƙodata ba? Kuma ya halatta?" Ga layi na jira, bakina ya mutu. Me zan riƙa cewa?

Anti Nas: Ƙanwata, ta farkon ki amsa kai tsaye. Likitocin da ke ƙoƙarin ceto ran mutum daban, masu harkar dashe daban, kuma ba a ɗaukar komai sai an tabbatar da mutuwa. Sama da mutum 100,000 ke jiran dashe a ƙasar nan, galibinsu ƙoda, kuma mafi yawan masu rajista a teburi irin naki suke yi. Yadda kika furta tambayar ma yana tasiri, don haka ki ɗaga murya ki yi ta sarai.

Malam Abu Sumayya: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashen gaɓoɓin mamaci a zamanta na Jidda a 1988, da sharaɗin izinin mamacin ko magadansa, kuma ban da sayarwa. Akwai malaman da suka hana saboda alfarmar gawa. Amma ke ba mufti ba ce, 'yar uwa. Ki ce masa malamai sun yi magana a kai, ya tuntuɓi limaminsa.

Baban Khalifa: Ni dai ban sa alamar ba, raina bai kwanta ba. Abin da nake so ku ma'aikata ku riƙa faɗa shi ne, amsar nan a wurin wanda ya cika shekara 18 izini ne na doka, iyali ba sa iya sokewa bayan ya rasu. Da yawa suna cewa "eh" ne don a sallame su.

Anti Nas: Gaskiyarka, Baban Khalifa. Kuma wanda bai shirya ba yana iya rajista daga baya ta intanet, ko ya cire sunansa. Maman Ilham, ki roƙi shugabarku takardun bayani ki ajiye a gefen kwamfutarki, ki miƙa wa mai kokwanto ya tafi da ita gida.