Yini ɗaya a Yamai: wane wurin tarihi ya fi cancantar ziyara?

Tambaya daga Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. Zan je Yamai ta hanyar Kamba da Gaya, kuma yini ɗaya kacal zan samu bayan na kammala hidimar da ta kai ni. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin game da wuraren tarihin da suka cancanci ziyara.

Amsa daga Argungu: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da Gidan Tarihi na Ƙasa mai ɗauke da sunan Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959, domin a harabarsa ne za ka ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a yankin Agadas, da tufafin gargajiya na Hausawa da Zabarmawa da Abzinawa, da kuma ragowar itacen Tenere, wanda ya daɗe tsaye shi kaɗai a cikin hamada har wata mota ta kayar da shi a 1973. Ka je da sassafe, kafin rana ta yi zafi.

Amsa daga Jega: Na yarda da wannan shawara, sai dai a ganina bai kamata ka ɓata lokaci a sashen namun daji na gidan tarihin ba, rumfunan maƙeran azurfa da dukawa sun fi shi amfani.

Amsa daga Gwandu: Alhaji, ka yi sallar Azahar a Babban Masallacin da Libiya ta ɗauki nauyin ginawa, sannan da La'asar ka gangara Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970 a kan kogin Kwara.