Tambaya: fara tsere a ƙaramar ƙungiya alheri ne ga matashin direba, ko ɓata masa shekaru ne?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina cikin 'yan tsirarun da ke bibiyar gasar tseren motoci ta Formula 1 a nan Kano, waɗanda ranar Lahadi sai mun lallaɓi mai gidan kallo ya bar mana talabijin ɗaya ta can kusurwa kafin masu kallon ƙwallon Ingila su cika wurin. A makon da ya wuce gardama ta kaure tsakanina da wani abokina bayan an tashi daga kallo, har muka tako daga Titin Gidan Zoo zuwa gida ba mu cimma matsaya ba, shi ya sa na kawo maganar gaban waɗanda suka fi ni sani.

Abin da nake riƙe da shi shi ne, matashin da ya shigo gasar ya fi samun amfani idan ya fara da ƙungiya mai rauni, inda ba a sa ran zai ci tsere, ya yi kurakuransa ba tare da idon duniya a kansa ba. Shi kuwa abokina cewa ya yi wannan tatsuniya ce kawai, domin Lewis Hamilton bai taɓa zama a ƙaramar ƙungiya ba, ya fara da McLaren a 2007, kuma da maki ɗaya tak kambun duniya ya kuɓuce masa a shekararsa ta farko. To wanne ne daidai? Shin motar da ba ta gudu tana koya wa mutum wani abu, ko kuwa ana faɗin haka ne don a kwantar wa wanda bai samu babbar kujera ba da hankali?

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Ɗan Fagge. Ina tare da kai a mafi yawan abin da ka faɗa, kuma tarihin gasar yana bayanka. Fernando Alonso ya fara ne a 2001 da Minardi, ƙungiyar Italiya wadda kusan kullum ita ce a ƙarshen layi. Bai samu maki ko ɗaya ba a shekarar, domin a lokacin mutum shida na farko kaɗai ake ba maki, amma masu sana'ar sun ga yadda yake kai motar wurin da bai kamata ta kai ba. Ya yi shekara guda yana gwada wa Renault mota, ya ci tserensa na farko a Hangari a 2003, sannan ya zama zakaran duniya a 2005 da 2006. Ayrton Senna ma da ƙaramar ƙungiyar Toleman ya fara a 1984, kuma abin da ya fito da sunansa shi ne tseren Monako na shekarar, wanda aka yi cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ya zo na biyu yana matsa wa Alain Prost lamba kafin a tsayar da tseren. Sebastian Vettel ya ci tseren Monza na Italiya a 2008 da motar ƙaramar ƙungiyar Toro Rosso, shi ma cikin ruwa. Ku lura da yadda ruwan sama ke maimaituwa a waɗannan labaran. Idan hanya ta jiƙe, fifikon injin da na kuɗi yana raguwa, hannun direba ne ke bayyana.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne George Russell. Ya yi shekara uku a Williams daga 2019, a lokacin da motarsu ta fi kowace rauni. A shekararsa ta farko bai samu maki ba, amma a zagayen neman gurbin fara tsere ya riga abokin tuƙinsa Robert Kubica a dukkan tsere 21 na shekarar. Da cutar korona ta kama Hamilton a watan Disamba na 2020, aka ɗauko Russell ya hau motar Hamilton ta Mercedes a Baharain. Na kalli wannan tseren a waya, ina zaune a ƙofar gida cikin sanyin hunturu, kuma ban manta ba: yaron da ya saba zama na ƙarshe ya ƙwace gaba tun daga kwanar farko, ya ja ragamar tseren kamar ya shekara goma yana yi, alhali kujerar ta yi masa kaɗan har sai da ya sa takalmin da bai kai girman ƙafarsa ba. Kuskuren ma'aikata wajen sauya taya da kuma faci da ya biyo baya ne suka mayar da shi na tara. Natsuwar da ya nuna a ranar ba daga sama ta faɗo ba, a Williams ya tara ta, inda ya koyi tattalin taya da magana da injiniyoyi ba tare da ana kirga masa kowane kuskure a jarida ba.

Hajiyar Nassarawa ta amsa:

Malam, da girmamawa, ka lissafo mana waɗanda suka haye ne kawai, ka bar waɗanda kogin ya ci. Idan aka ce ƙaramar ƙungiya ce ta gina Alonso, sai a tambaya ina sauran da suka tuƙa Minardi a tsawon shekaru ashirin da ta yi a gasar? Mafi yawansu sun zo sun wuce ba wanda ya riƙe sunansu.

A ɗauki Mick Schumacher. Ya ci gasar Formula 2, wadda ke ƙasa da Formula 1, a 2020, aka kai shi Haas a 2021, shekarar da ƙungiyar ta yanke shawarar ba za ta kashe kuɗi wajen inganta motar ba, ta mayar da hankali kan sabbin dokokin 2022. Ga mota marar gudu, ga abokin tuƙinsa Nikita Mazepin shi ma sabon shiga, wato babu wanda zai koya daga wurinsa, babu kuma wanda za a auna shi da shi. Shekara guda ta tafi a banza. Da aka kawo masa Kevin Magnussen a 2022, ya samu maki 12, Magnussen ya samu 25, ya kuma yi munanan haɗurra a Jidda da Monako waɗanda suka ci wa ƙungiyar kuɗi mai yawa, aka sallame shi a ƙarshen shekara. Wannan ya rushe maganar cewa a ƙaramar ƙungiya ana yin kuskure cikin sirri. A gaskiya talakar ƙungiya ce ta fi jin zafin motar da aka farfasa, domin kowane fiffike da ya karye daga kasafin da babu shi ake cire kuɗinsa. Haka Pascal Wehrlein, wanda ya samo wa ƙaramar ƙungiyar Manor maki ɗaya a Ostiriya a 2016, abin da ya yi kama da mu'ujiza ga wannan motar, amma bayan shekara biyu ya rasa kujera, sai a gasar motocin lantarki ta Formula E ya je ya zama zakara a 2024.

Sannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Direban da ke can baya yana ɓata wani ɓangare na tserensa yana kallon madubi, domin da zarar an ɗaga masa shuɗiyar tuta dole ya kauce wa na gaba da suka zagayo shi, ya sauka daga layin da ya fi kyau, tayarsa ta kwashi datti ta huce. Wanda ya shekara uku yana koyon kaucewa, yaushe ya koyi kare matsayi na ɗaya a zagaye goma na ƙarshe?

Bakanike Ƙofar Ruwa ya amsa:

Ni ba ɗan boko ba ne kamar Malam da Hajiya, amma shekarata ashirin da wani abu ina horar da yara a gareji, kuma ina ganin ku biyun kuna da gaskiya a wurare daban-daban. Yaron da na ba tsohuwar mota mai matsala goma yana koyon sauraron inji fiye da wanda ya fara da sabuwa, amma da sharaɗin ina tsaye a kansa. Idan na bar shi shi kaɗai da ita, ba gyara zai koya ba, dabarun lallaɓawa zai koya, kuma cire masa su daga baya ya fi koya masa daga farko wahala.

Idan kuka duba waɗanda ƙaramar ƙungiya ta amfana, kusan dukkansu suna da ubangida a sama. Russell yaron Mercedes ne tun kafin ya je Williams, kuma injin Mercedes ne a motar. Charles Leclerc ɗan makarantar horar da direbobi ta Ferrari ne lokacin da aka ajiye shi a Sauber a 2018, inda ya samu maki 39, abokin tuƙinsa Marcus Ericsson da ya riga shi da shekara huɗu ya samu 9, kuma shekara guda kawai ya yi aka ɗauke shi zuwa Ferrari ya ci Beljiyam da Monza a jere a 2019. Alonso kuma Flavio Briatore, shugaban ƙungiyar Renault, ne ke riƙe da shi. Waɗannan ba neman aiki suka je yi ba, almajirci aka tura su, ana karanta bayanan motarsu a babban gida, an kuma san ranar da za a yaye su. Wanda ya je ƙaramar ƙungiya da kuɗin mahaifinsa ko na mai ɗaukar nauyi, ba tare da wani a sama yana jiransa ba, shi ne wanda Hajiya take magana a kansa.

Game da Hamilton da abokinka ya kawo, Ɗan Fagge, ka gaya masa zamanin ba ɗaya ba ne. McLaren ta ɗauke shi tun yana ɗan shekara 13 a 1998, ta raine shi har ya ci gasar GP2, wadda ita ce ke ƙasa da Formula 1 a lokacin, a 2006, kuma kafin tserensa na farko ya yi dubban kilomitoci yana gwada ainihin motar tsere, domin a lokacin ba a taƙaita gwaji sosai ba. A 2009 aka hana gwaji a tsakiyar kaka, kuma daga 2023 zuwa 2025 gwajin share fage kwana uku ne kacal aka riƙa yi a Baharain, direbobi biyu su raba mota ɗaya. Kwana ɗaya da rabi ke nan ga kowane mutum. Na'urar kwaikwayon tuƙi tana taimakawa, haka ma gwajin tsofaffin motoci da doka ta yarda da shi, wanda Mercedes ta yi wa Kimi Antonelli sosai kafin ta ba shi kujerar Hamilton a 2025 yana ɗan shekara 18. Amma ba kowace ƙungiya ce ke da halin yin haka ba. Saboda haka abin da Hamilton ya samu a filin gwaji, yawancin yaran yau sai a ƙaramar ƙungiya za su same shi.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Bakanike, wannan batun ubangida ban taɓa kallonsa ta nan ba. Amma ga abin da ya rage yana damuna. Red Bull ita ce ta fi kowa tsara wannan hanya, tunda tana da ƙaramar ƙungiya tata ta kanta, wato Minardi da ta saya a ƙarshen 2005 ta sake mata suna Toro Rosso. Duk da haka Pierre Gasly ya yi almajircinsa a can, aka ɗaga shi zuwa Red Bull a 2019, aka mayar da shi bayan tsere 12. Alexander Albon da ya gaje shi bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Liam Lawson kuwa tsere biyu kawai aka ba shi a farkon 2025. Duk suna da ubangida, duk sun fara daga ƙasa. Me ya hana tsarin ya yi musu aiki?

Malamin Lissafi ya amsa:

Tambayarka ta yi kyau, kuma amsarta tana cikin lissafin tseren da kowannensu ya yi kafin a ɗaga shi. Lawson tsere 11 kacal ya yi, biyar a 2023 da shida a 2024. Albon rabin shekara. Gasly cikakkiyar shekara ɗaya da 'yan tsere kaɗan. Ba a bar su sun nuna ba aka tsinko su, sannan aka ajiye su kusa da Max Verstappen, cikin motar da ake ginawa bisa salon tuƙinsa, mai kaifin gaba wadda bayanta ke saurin zamewa. Shi kansa Verstappen ya fara da Toro Rosso a 2015 yana ɗan shekara 17, aka ɗaga shi a watan Mayu na 2016 ya ci tseren Sifaniya a ranarsa ta farko, kuma ina ganin wannan nasarar ce ta sa shugabannin ƙungiyar suka riƙa zaton kowane yaro zai iya haka. Abin lura shi ne da Gasly ya koma ƙaramar ƙungiyar ya ci Monza a 2020, Albon kuma ya farfaɗo da sunansa a Williams daga 2022.

Sai dai zan amsa wa Hajiya abu ɗaya: kalmar ƙungiya mai rauni tana ɗauke da abubuwa biyu da ba su yi kama ba. Sauber ta 2018 tana iya shiga goman farko idan direba ya yi ƙoƙari, don haka ana ganin ƙoƙarin a kan allon maki. Haas ta 2021 ko wa aka ɗora a kanta ba za ta samu komai ba. Tun da aka kafa iyakar kashe kuɗi a 2021, wadda ta fara da dala miliyan 145, aka kuma ba ƙungiyoyin baya ƙarin lokacin gwajin iska fiye da na gaba, tazarar ta ragu, shi ya sa Oliver Bearman, wanda ya zo na bakwai a Jidda a 2024 lokacin da ya maye gurbin Carlos Sainz a Ferrari, ya samu Haas da ke iya kawo maki a 2025.

Hajiyar Nassarawa ta amsa:

Na karɓi wannan rarrabewar, Malam, amma ban janye ba gaba ɗaya. Russell ya yi shekara uku a Williams, kuma a ganina ta ukun ba koyo ya yi ba, jira ya yi har kwantiragin Valtteri Bottas a Mercedes ya ƙare. Da ya isa Mercedes a 2022, zamanin mamayarsu ya wuce, tsere ɗaya kawai suka ci a shekarar, a Birazil, kuma shi ne ya ci. Ɗan Fagge, idan za ku kalli tseren wannan Lahadin a wurin da ka ambata, ka sanar da ni ƙarfe nawa za a fara, domin yarana biyu sun dame ni sai an kai su, kuma ina so ka zo da abokin naka.