Igwa ko atilare: wace kalma za mu riƙe a jagorar wasan?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu da muke haɗuwa a wani shagon wasan kwamfuta da ke titin Gidan Zu mun ɗauki niyyar rubuta 'yar jagora da Hausa a kan Napoleon: Total War, wasan da kamfanin Creative Assembly ya fitar a 2010, saboda ƙannenmu da suke zuba sojoji a fili ba tare da sanin abin da suke yi ba. Aikin ya tafi daidai har muka iso babin manyan bindigogi, a nan ne gardama ta tsayar da mu mako guda.

Wasu sun ce mu rubuta atilare kawai, tunda kunne ya saba da "makaman atilare" a labaran rediyo. Ni ban goyi bayan haka ba, kuma dalilina ba ƙyamar aro ba ce, domin ita kanta bindiga daga Larabci muka karɓe ta. Matsalar ita ce kalmar Turawa tana ɗauke da abu uku a lokaci guda, wato makamin, da mutanen da suke harba shi, da kuma sanin yadda ake sarrafa shi, alhali Hausa ta fi son ta kira kowanne da sunansa. Muna da igwa. Idan muka ce igwa muna nufin makamin, 'yan igwa su ne rundunar, kamar yadda kakanninmu suka ce 'yan baka da 'yan lifidi, dabarun igwa kuma shi ne ilimin.

Wani ɗan'uwa daga Fagge ya kawo suka mai ƙarfi, ya ce a bakin matasan yau igwa tankar yaƙi ce, wadda take tafiya da kanta. Gaskiya ne ana faɗar haka. Sai dai mutanen Kano sun san igwa tun kafin a ƙera tankar farko a duniya. A watan Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland, jagoran sojojin Turawan Ingila, ya iso bakin ganuwar Kano, Sarki Alu yana kan tafiyarsa ta Sakkwato, da igwa aka buɗe wa birnin wuta, kuma da badala ta shanye harsasai saboda kaurin ƙasarta, sai aka karkata ga ƙofa, aka shiga ta Kabuga. Tanka kuwa sai a yaƙin duniya na farko ta bayyana. Wannan tarihin ma darasi ne ga mai wasa: wanda ya ɓata albarushinsa a kan katanga mai kauri ya bar ƙofa, shi ya so. Wani kuma ya ba da shawarar mu ari midfa'i daga Larabci, amma da zarar ta shiga bakin Bahaushe za ta koma madafa, a ɗauka girki ake magana.

Inda aka fi daɗewa shi ne sunan rukunin igwa da ake girkewa wuri guda. Da Turanci sunansa ɗaya da batirin tocila, don haka aronsa ba zai haifar da komai ba sai dariya. Ƙaramin rukuni mun amince a ce masa jerin igwa. Amma akwai babban, wanda Napoleon, sarkin Faransa, ya shahara da shi, shi da ya fara aikin soja a matsayin hafsan igwa kuma ya yi suna a yaƙin Tulon a 1793. Maimakon ya rarraba bindigoginsa ko'ina cikin sahu, yakan tattara su a gaban wuri ɗaya, su yi ta lugude har wurin ya rarake, sannan ya tura dakaru da barade ta ɓarakar. A yaƙin Wagram a 1809 ya jera igwa fiye da 100 a haka. Na ba da shawarar a kira wannan gayyar igwa, domin abin da gayya take nufi ke nan a karkara: kowa ya bar gonarsa, a taru a gona ɗaya, a gama da ita kafin azahar. Ba wanda ya yi musu.

Harsasai iri biyu ne mai wasa yake yawan canzawa tsakaninsu. Na farko dunƙulen ƙarfe ne da ba ya fashewa, amfaninsa shi ne yana dira a ƙasa ya yi tsalle ya ci gaba da ratsa mutane, shi ya sa ruwan da aka kwana ana yi kafin yaƙin Watalu a 1815 ya rage masa ƙarfi, taɓo ya riƙa haɗiye shi, Wellington kuma, kwamandan Ingila da ya kara da Napoleon, ya ɓoye yawancin mutanensa a bayan tudu. Wannan mun sa masa curi. Na biyu gwangwani ne cike da ƙananan dalma, wanda yake tarwatsewa da ya bar bakin igwa. Ba ya cin nisa, amma barade da suka kawo sukuwa kusa ba sa komawa da yawa. Harsashin gwangwani ya isa, ko da yake wani ya so a ce watsi, kalmar da na ga ta yi wa sunan makami sauƙi da yawa.

Saura guda ɗaya da har yanzu malamin makarantar da ke duba mana rubutun bai saki jiki da ita ba. Idan aka girke igwa a gefen sahun abokan gaba, ba a gabansu ba, curi ɗaya yakan bi tsawon sahun ya kwashi mutane da dama, maimakon biyu ko uku da zai samu in ta gaba ya shigo. Turawa sun ɗauko sunan wannan daga kalmar Faransanci ta zura zare. Ni na ce harbin tsire, domin duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukuba ya ga yadda tsinke ɗaya yake ratsa yanka shida. Malam ya ce kalmar ta yi wasa da yawa a kan maganar rayuka, ya fi son harbin haƙarƙari. Na girmama ra'ayinsa, kuma haƙarƙari ya nuna ta inda harbin ya shigo, sai dai bai nuna abin da ya yi bayan shigarsa ba, wanda shi ne dalilin da ake wahalar jan igwa zuwa gefe tun farko.

Ga jimlar gwaji da muka rubuta, ku karanta ta da ƙarfi ku ji ko ta zauna a baki: "Girke jerin igwa a kan tudu ta hannun hagu, ka fara da curi tun suna nesa, ka nemi harbin tsire idan sahunsu ya miƙe, kada ka koma harsashin gwangwani sai barade sun kusa, kuma ka bar dakaru a bayan 'yan igwa domin ba sa iya kare kansu." Wanda ya fi son haƙarƙari ya musanya ya sake karantawa, ranar Asabar bayan la'asar za mu ƙirga ra'ayoyi mu rufe babin.