Yaya zan kare tirelar kwana daga ɓarayi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Ingila. Shawara nake nema.

Bara na sayi tsohuwar tirelar kwana, irin wadda ake ja da mota, mai gado da ɗan kicin a ciki, don mu riƙa fita da yara lokacin hutu. Garejinmu ya yi mata kaɗan, dole a ƙofar gida take kwana. Na datse wuyanta da kwaɗo, wurin da ake maƙala ta a mota, na kuma ɗaure taya ɗaya da ƙarfe. Lambar CRiS ma, wato lambar shaidar da ake yi wa tirela rajista da ita a Ingila, tana nan zane a jikin tagogi.

Shekaranjiya da asuba na fito, sai ga garin ƙarfe zube a gindin tayar. An fara yanka ƙarfen da giranda, har an ci kusan rabi. Ina jin haushin karen maƙwabcina ne ya kore su. Tun ranar ban ƙara barcin kirki ba.

Na'urar bin sawun da na saka kuwa, shanye batirin tirelar take yi. To in cire tayoyin gaba ɗaya in ɗora ta kan jak, ko in biya kuɗin ajiya a fili mai masu gadi? Kuma cire tayoyin ba zai jawo mini matsala da kamfanin inshora ba?