Rage ƙiba ba tare da barin tuwo ba

Uwargida: Assalamu alaikum. Don Allah, mutum zai iya rage ƙiba bai daina cin tuwo da shinkafa ba?

Malamar Abinci: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sosai ma. Malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki ta isa, sai ki cika kwanon da miyar kuɓewa, zogale ko alayyahu, da kifi ko wake. Inda ake faɗuwa shi ne mai: cokalin cin abinci ɗaya, na gyaɗa ko manja, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) kusan 120 ne. Ki riƙa aunawa da cokali, kada ki tuttula daga galan. Alale ya fi ƙosai, don ƙosai mai yake sha a kasko.

Baban Yara: Hajiya, ki duba abin sha. Kwalbar lemo ta 35cl tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, kuma ba ta ƙosarwa. Zoɓo da kunun zaƙi na sayarwa ma haka suke.

Malamar Abinci: Gaskiya ne. Kuma kada ki tsallake karin kumallo in hakan zai sa ki rama da dare. Rage rabin kilo zuwa kilo 1 a mako ya wadatar. Mai ciwon sukari da ke shan magani ya fara ganin likita, kada sukarinsa ya faɗi.