Raba Kaya Tsakanin Layuka Biyu Masu Bambancin Ƙarfi: Abin da Injiniyoyi Suka Ba da Shawara

Tambayar da aka tattauna ita ce: idan kana da layukan sadarwar kwamfuta biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya mai rauni, ta yaya za ka sa dukkansu su ɗauki kaya, wato bayanan da ake aikawa?

Yawancin masu magana sun nuna EIGRP, tsarin da na'urorin sadarwa (router) ke bi wajen zaɓar hanyar da saƙo zai bi, saboda umarnin variance da ke cikinsa, wanda ke ba da damar amfani da hanyoyin da ba su zo daidai ba. A asali lambarsa 1 ce, wato hanyoyi masu farashi iri ɗaya kaɗai ake amfani da su (farashi a nan lamba ce da ake auna hanya da ita, mafi ƙanƙanta ita ce mafi kyau). A ce farashin babbar hanya 1000, na ƙaramar 1800. Ka sa variance 2, iyakar farashin da za a karɓa ta koma 1000 sau biyu, wato 2000, ƙaramar ta samu shiga. Sai dai akwai sharaɗin da ke yawan ruɗa mutane: dole nisan da maƙwabcin (na'urar da ke gaba a kan ƙaramar hanya) ya bayar, wato farashinsa zuwa inda saƙo zai je, ya gaza 1000. In ba haka ba, ko ka ɗaga lambar zuwa 128 hanyar ba za ta shiga ba, domin ana gudun saƙo ya riƙa zagaye a wuri ɗaya.

Wajen gyaran farashi kuwa, shawarar ita ce a taɓa delay (jinkirin layi), a ƙyale bandwidth (ƙarfin ɗaukar layi), tunda QoS (tsarin fifita wasu saƙonni) da OSPF (wani tsarin zaɓar hanya) ma suna dogara da bandwidth ɗin. Ni ma nan na tsaya.

OSPF a kan na'urorin Cisco ba ya raba kaya sai farashi ya zo daidai. Wasu sun ce a daidaita shi da hannu, amma hakan rabi da rabi zai raba, ƙaramin layin ya cushe.

An kuma ja kunne game da rabawa fakiti-fakiti, wato a riƙa karɓa-karɓa tsakanin layukan wajen tura kowane guntun saƙo: saƙonni kan iso a hargitse, kiran murya ya riƙa yankewa.